Faɗin Yatsa Biyu

Tun daga kan matakala Mai Zane ta ji injin yanka katako ya yi shiru, kuma injin nan ba ya shiru da hantsi sai da dalili. Ta sauko daga ofis da sauri.

Manaja na tsaye gaban tulin ragowar katako da ya kusa kai masa kafaɗa. A gefe Kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, mai kula da injin shekara ashirin da biyu, ya harɗe hannu a baya kamar ɗan makaranta. Shi ya riƙe ta, shi kuma ya yi ta sintiri har aka ɗauke ta aikin zane a masana'antar.

Kwangilar teburan makaranta ce, guda dubu biyu. An yi tsammanin kowane fallen katako zai ba da saman tebur shida, sai ga shi uku yake bayarwa. Katakon da aka sayo ya ƙare, aiki ko rabi bai wuce ba. Manaja, wanda bai san bambancin zarto da guduma ba amma ya ƙware a neman mai laifi, ya yanke cewa ko dai tsohon ya daina gani, ko hannunsa ya yi tsawo.

An bar jaki ana dukan taiki, kuma ita ta san jakin. Wata uku da suka wuce, tana zaune a sanyin fanka, ta ƙara wa faɗin teburin yatsa biyu don littafi da biro su zauna a sake. Kowa ya yaba. Ba ta sauko ta auna fallen katakon ba, ga shi yatsa biyun nan sun hana saman tebur biyu fita gefe da gefe. Tun makon jiya ta gane, tsoro ya ɗaure mata baki. Gyara kuwa babu, don an riga an yi wa ƙafafun ƙarfe duka walda a kan ma'auninta.

Manaja ya ba Kawu damar kare kansa. Kawu ya ce ƙila tsufa ne, a yi haƙuri. Bai ko kalli inda take ba. Sai Manaja ya miƙa hannu, ya nemi makullin injin.

Kunya ta rufe ta. Ta fizgi tef ɗin awo daga kan benci, ta shimfiɗa a kan falle ɗaya tak da ya rage, ta ɗora zanenta a kai. Ta nuna layin, ta nuna sa hannunta a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ko wa ka ba injin nan, uku zai fitar. Ɓarnar daga takardata take."

Manaja ya auna da kansa, sau biyu, leɓensa na motsi. Ya juya ga Kawu ya tambaye shi yaushe ya gane.

"Ranar da takardar ta sauko."

"Kuma ka yi shiru?"

"Takarda daga sama take saukowa, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin ta koma sama ba."

Manaja ya mayar masa da makullin ba tare da ko ban haƙuri ba. Ita kuwa ya ce ta hau ta kwashe kayanta, sauran magana za ta zo mata a rubuce.

Da ya fita, ta matsa kusa da Kawu, tana jiran ko kalma ɗaya mai sanyi. Sai ta ga idonsa ya kaɗa, ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa ya aike ki?" in ji shi a hankali. "Ni wata takwas ya rage mini in ajiye aiki. Ke fa? Me zan je in ce wa uwarki?"