Yaya da Motar Kwashe

Saura mako biyu a yi gasar gudu, batirin agogon Koci ya mutu. A bakin ƙofar makarantar da yake koyar da motsa jiki ya lura, inda ƙungiyarsa ke taruwa duk Asabar da sassafe. Ya latsa, ya jijjiga, fuskar agogon ta ci gaba da zama baƙa ƙirin. Sai ya leƙa ɗakin maigadi, ya duba agogon bango, ya riƙe lokacin a ka, ya ce a tashi.

Su goma sha ɗaya ne, kuma babu ɗan wasa a cikinsu. Akwai tela, da direbobi biyu, da mai shagon magani, da malamai abokan aikinsa. Tun farkon shekara yake horar da su domin gudun fanfalaki na kilomita ashirin da ɗaya. Wadda ke zuwa ta ƙarshe kullum yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ungozoma da ta yi ritaya bara. Kowa Koci yake ce masa. Ita kuwa Auta take kiransa, a gaban kowa, ko yana tsakiyar ba da umarni.

Dokar gasar a fili take: awa uku da rabi, daga nan a buɗe wa motoci hanya. Akwai bas da ke bin bayan masu gudu a hankali, duk wanda ta cim ma sai ya shiga. Masu gudu suna kiranta motar kwashe. Babban ɗan Yaya tun farko bai so wannan harka ba. Ya gyara mata ɗaki a gidansa, yana so ta bar zaman kaɗaici da yawon titi da takalmin roba. Bayan doguwar jayayya suka yi yarjejeniya: idan motar ce ta dawo da ita, ta ajiye gudu, ta tattara ta koma wurinsa. Koci ne ya tsaya mata. Ya ce wa ɗan, yana duban lokutan da agogonta ke nunawa mako bayan mako, mahaifiyarsa za ta gama da sauran lokaci a hannu.

Gudun ranar shi ne mafi tsawo a duk horon, kilomita biyu kacal ya rage wa na gasar. Sauran sun daɗe da dawowa suna miƙe ƙafafu a jikin katanga lokacin da Yaya ta ɓullo daga kwanar gidan mai, tana tafe da ƙananan takunta da ba sa sauyawa. Ta iso, ta latsa agogonta, ta miƙo masa hannu.

"Duba nan, Auta. Wa ya ce da kai na tsufa?"

Ya duba. Lokaci mai kyau ne. Ya juya ya kalli agogon maigadi tunda nasa ya mutu, sai ya sake kallo. Tsakanin agogon biyu akwai kusan rabin awa.

Ya tambayi maigadi ko agogon nan yana gudu. Maigadi ya ce da shi ake buga ƙararrawar makaranta. Koci ya koma gefe ya zauna a kan dakali, kuma kafin ya gama kwance igiyar takalminsa ya gane inda rabin awar ta shige.

Shi ne ya koya musu. A makon farko ya ce duk wanda ya tsaya, ko don tsallaka titi ko don shan ruwa, ya dakatar da agogonsa, domin a san ainihin saurin ƙafarsa. Ga sauran, minti ɗaya ne ko biyu. Amma rabin mutanen unguwannin da suke ratsawa a hannun Yaya suka faɗo duniya. Mai shago zai fito ya gaishe ta, mata su tare ta da jarirai, wani ya tsayar da babur ya tambayi maganin kumburin ciki. Ita kuma ɗaliba ce mai biyayya: duk tsayuwa sai ta latsa. Shi yana gaba tare da masu sauri, lamba kawai yake gani a ƙarshe. Agogon gasa kuwa ba mai latsa shi. Da ya lissafa da tsayuwar a ciki, motar za ta cim mata tun kafin ta hango ƙofar filin wasa.

Washegari da la'asar ya je gidanta. Ya same ta a tsakar gida, ƙafafunta cikin robar ruwan ɗumi, takalman na shan iska a kan igiyar shanya, rediyo na magana a bakin taga. Ya gaishe ta, ya zauna a kan kujerar roba, ya faɗa mata komai ba tare da ya tausasa ba.

Ta dubi agogon hannunta.

"Wato duk watannin nan ƙarya agogon yake mini?"

"Agogon gaskiya ya faɗa. Ni ne ban tambaye shi abin da ya kamata ba."

"Ka gaya wa yaron nan?"

"A'a."

"Kada ka kuskura. Har labule ya saya." Ta fitar da ƙafa ɗaya ta goge. "To sai ka ƙara mini gudu. Safe da yamma."

"Ba zai yiwu ba, Yaya. Makonnin nan biyu na rage gudu ne, ƙafa ta huta. In na ƙara miki, da gwiwa a kumbure za ki je layin farawa. Sauri ba ya ƙaruwa yanzu. Tsayuwar za mu cire."

"Cirewa kamar yaya?"

"Ba za ki tsaya ba. Ko kaɗan. In kin gaji ki yi tafiya, amma ƙafa ba za ta daina motsi ba."

Akwai abin da bai faɗa ba. Tsayuwar nan hutu ce, kuma hutun yana cikin abin da ke ba ta saurin da agogon ya nuna. Idan aka cire shi, bai san abin da zai rage ba.

Horon da ya biyo baya bai yi kama da horo ba. A filin makaranta ya jera kofunan takarda a kan tebur, ya koya mata ta fizgi kofi tana tafiya, ta matse bakinsa ya zama tsukakke, ta kurɓa ba tare da ruwan ya shiga hanci ba. Sau uku ta shaƙe kafin ta iya. Ya koya mata ƙullin igiyar takalmi mai riɓi biyu. Sannan aka zo kan gaisuwa, nan Tela ya ba da kansa. Mutum ne mai surutu, wanda ya fi kowa sauri a ƙungiyar kuma ya fi kowa sanin haka. Ya riƙa tare ta a kwanar fili yana maƙe murya.

"Mama! Mama ungozoma! Ashe kina nan? Ya gida, ya jikoki? Ga yaron nan ya ƙi kama nono!"

"Ka kawo shi gida da yamma," in ji Yaya, ta rage tafiya.

"Kin faɗi!" in ji Koci. "Ɗaga hannu kawai."

"Auta, yarinyar da na yanke wa cibiya ta gaishe ni, in ɗaga mata hannu kamar ɗan sandan hanya?"

"Na awa uku da rabi ne."

"Kai dai tun kana ƙarami ba ka iya gaisuwa ba."

Ita ta samo mafita da kanta. A maraicen makon ƙarshe ta bi titunan da gasar za ta ratsa, shago shago, gida gida, ta yi gaisuwarta cikakkiya, ta ba da haƙuri tun kafin ranar: ran Lahadi za ta wuce, ba za ta amsa ba, kada kowa ya ɗauka raini ne. Koci ya so ya hana, don yawon ma gajiya ne, amma ya ga babu abin da zai faɗa da ya fi wannan.

Ranar gasar gari ya waye da ɗan sanyi. Koci ya sallami sauran da gargaɗinsa na kullum, kada kowa ya bi zugar farko, ya koma can baya kusa da Yaya. Aka busa usur, dubban mutane suka zuba kan titi, su biyu suka bi da ƙananan taku.

Rabin farko ya tafi daidai. Ta sha ruwa tana tafiya. Mutanen unguwa sun fito kamar yadda ya yi tsoro, amma suna kiranta ne kawai suna tafi, wata mata ma tana yi wa 'ya'yanta tsawa kada su tare ta. Bayan gadar jirgin ƙasa rana ta ɗaga, takun Yaya ya gajarce, tafiya ta fara yawa a kan gudu. Koci ya waiwaya a kan wani miƙaƙƙen titi, ya hango bas ɗin can nesa, fara, fitilunta na gefe suna ƙyaftawa.

Saura kilomita huɗu suka tarar da Tela zaune a bakin kwalbati, ya rungume ƙwaurinsa, fuskarsa a murtuke. Ya bi zugar farko, jijiya ta ɗaure masa. Yaya ta gan shi, kuma Koci ya ga jikinta ya karkata wajensa tun kafin ta yanke shawara. Shekara talatin tana zuwa wurin duk wanda ke nishi.

"Wuce, Yaya," in ji Koci. "Wannan nawa ne."

"Yaron nan yana jin jiki."

"Jijiya ce. Na iya. Wuce!"

"Mama, don Allah ki wuce," in ji Tela cikin cije baki. "In kika tsaya saboda ni, ina zan sa kaina a ƙungiya?"

Ta harare su duka biyun, ta wuce.

Koci ya durƙusa, ya miƙar da ƙafar, ya danna yatsun zuwa sama, ya murza tsokar da ta taurare kamar dutse. Ta saki kaɗan, Tela ya miƙe, ya yi taku biyu, ta sake kamawa. Suna nan bas ɗin ta iso ta tsaya, wata jami'ar gasa mai riga ruwan lemo ta buɗe ƙofa. Koci zai iya barinsa ya bi Yaya da gudu, amma Tela ba ya iya taka matakalar shi kaɗai, kuma laɓɓansa sun yi fari. Ya tallafe shi suka shiga, ya karɓar masa ruwan gishiri da sukari, ya zaunar da shi. Ƙofa ta rufe.

A ciki mutum kusan ashirin ne, kowa yana kallon takalminsa. Koci ya matsa gaba ya tsaya kusa da direba. Ta gilashi yana ganin titi, da kofunan da aka tattake, da mutum biyar ko shida a warwatse. Ta biyu daga ƙarshe ita ce Yaya.

"Ba za ka ɗan sassauta ba?" ya ce da direban.

"Ni ma lokaci aka ba ni, malam. Waccan taka ce?"

"Yayata ce."

Direban ya dube ta. "Tsohuwar nan tun ɗazu nake ganinta. Ba ta tsayawa."

Suka ɗauki mutumin da ke bayanta. Yanzu babu kowa tsakaninta da motar. Koci ya riƙe ƙarfen da ke saman kujera. Yana ganin kafaɗarta ta hagu ta sauka, alamar gajiya, yana ganin tana tafiya inda ya kamata ta yi gudu, kuma babu yadda zai gaya mata. A teburin ruwa na ƙarshe ta miƙa hannu, kofin ya suɓuce ya faɗi. Ta bar shi, ta ɗauki na gaba. Tazarar ta ragu har yana iya karanta lambar da ke bayan rigarta. Sannan titi ya gangara, ƙananan takun suka dawo, tazarar ta tsaya yadda take. A haka suka yi ta bin ta har katangar filin wasa ta bayyana, ta karya kwana ta shige ƙofa, jami'an suka ja shinge a bayanta.

Koci ya saki ƙarfen. Sai a lokacin ya ji yatsunsa sun sandare. Ya zauna a kan matakalar motar, ya sauke numfashi mai tsawo.

"Ta shiga?" in ji Tela daga baya.

"Ta shiga."

"Alhamdu lillahi. Koci, maganar motar nan ta tsaya tsakaninmu."

"Mutum ashirin sun gan ka."

A bayan filin aka sauke su. Da ya ratsa cunkoso ya same ta zaune a kan ciyawa, lambar yabo a wuya, jikoki biyu suna rigimar wa zai taɓa. Babban ɗanta na durƙushe yana fama da ƙullin takalminta. Ya ɗago, ya dubi Koci, ya dubi inda ya fito.

"Kawu, daga motar kake?"

"Daga ita nake."

Ɗan ya koma kan ƙullin. Yaya ba ta yi dariya ba, numfashinta bai kai nan ba tukuna. Ta tambayi jikin Tela, aka ce da sauƙi. Ta ce wa ɗanta ɗakin nan ya zuba wa yara littattafansu a ciki, ya ce to, Mama.

"Auta, zo ka ɗaga ni. Ƙafafun nan sun daina jin magana."

Ya kama hannu ɗaya, ɗanta ya kama ɗayan. Sai a ja na biyu ta miƙe. Motar ɗan nata tana can ƙarshen titi, suka nufe ta a hankali.