Babin da Auta Ta Buga da Hannunta

Kai ma ka karanta littafin nan. Ka kai babin ƙarshe, yarinyar ta mutu a gadon asibiti, ka ce "Allah Ya kyauta," ka rufe. Ba ka tambayi wanda ya kashe ta ba.

Wata malama ce ta rubuta shi da biro, a ofishin malamai, tsakanin darasi da darasi. Ƙanwarta Auta ke buga mata a kwamfuta, goye da ɗan da ubansa ya ce bai san zancen ba. Labarin Auta ne, su biyun sun sani, ba wadda ta furta. A rubutun farko yarinyar ta haihu, ta koma makaranta, wani mai gyaran agogo ya so ta har da ɗanta. Ranar da Auta ta buga wannan babin ta je ta karɓo fom ɗin komawa makaranta, ta cike shi tsaf.

Editan kamfanin ɗab'i ya cire tabarau ya ɗora a kan takardun.

"Malama, alƙalaminki akwai zaƙi. Amma wannan ƙarshen, ina! Ta yi abin da ta yi, sannan ki ba ta miji? Iyaye za su ce muna lalata musu 'ya'ya."

"To saurayin fa, ranka ya daɗe? Tare suka yi, ga shi na bar shi da amarya da mota."

"Ai ya tuba a shafi na casa'in. Ita kuwa ki sa mata ciwo. Ba sai ta wahala ba, shafi uku ya isa."

Sati biyu Malama tana turjewa. A na uku ta rubuta, ta ajiye gaban Auta, idonta a ƙasa.

Auta ta buga, ba kuskure ko ɗaya.

"Yaya, mai agogon fa?"

"Na cire shi."

"Dama na san babu irinsa."

Teburin kwamfutar yana girgiɗi. Auta ta ɗauko fom ɗin, ta ninke shi huɗu, ta cusa ƙarƙashin ƙafarsa. Har yau yana nan.

Editan ya ce don kai ya yi, wai haka kake so. Ɗauki biro yau, ka rubuta masa cewa ƙarya yake yi, ya dawo da babin mai agogon.