Allin Badi'a a Teburin Hafizu

Harbi na tara ke nan Hafizu yana kuskurewa. Ya ga abokin gaba ya leƙo daga bayan katanga a allon kwamfutar, ya fizgi linzamin zuwa dama yadda ya saba, sai bakin bindigar ya wuce mutumin ya je ya tsaya a kan wata tukunyar fure da ba ta yi wa kowa laifi ba. Kafin ya dawo da shi an kwantar da shi. Ya saki linzamin, ya ɗora hannun a cinya ya zuba masa ido.

Shekara huɗu ke nan yana zama a kwamfuta ta uku a siber ɗin Alhasan, shagon hayar kwamfuta da ke bayan tashar Konni. Kabu-kabu ce sana'arsa. Idan rana ta take, fasinja suka ɗauke ƙafa, sai ya jingine babur a gindin dogon yaro ya shigo ya yi wasan harbi. A nan kuwa ba shi da na biyu. Har daga tsallaken iyaka samari kan zo su gwada shi, su koma suna cewa laifin kuran ne, wato wutar lantarki. Hannunsa ya san teburin nan: daga gefen shimfiɗar linzami zuwa wani ƙonon sigari da ke tsakiyar teburin, mutuminsa na cikin wasan ya juya baya cif, ko da ido a rufe.

Sai wata akuya ta tsallaka masa hanya kusa da Tajaye, ya faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. Mutanen gari suka kai shi wurin Baba Mumuni maɗori, tsohon da ya taɓa ɗora ƙafar mahaifinsu. Baba Mumuni ba ya yanka wa kowa farashi. Abin da aka gada a gidansu shi ne, idan ka warke ka dawo da zakara. In ƙafa ce ka tako da ita tun daga bakin gari, in hannu ne ka riƙo zakaran da shi, kowa ya gani. Hafizu ya yi kwana arba'in da karan ɗori.

Ranar da aka kwance shi, siber ya fara nufa kafin gida. Tun daga ranar bai sake gane kansa ba. Idan ya bi a hankali ya kan samu, amma da ya yi sauri sai ya zarce. Ya sauya linzami har uku. Ya sayo sabuwar shimfiɗa. Ya rage gudun kibiya, ya ƙara, ya sake ragewa. Da duk suka ƙi, sai ya kalli abu ɗaya da ya san ya sauya, wato hannunsa.

Ya koma Tajaye ba zakara. Tsohon ya lalube hannun da yatsu, ya lanƙwasa shi, ya ce ƙashi ya kama kuma ya miƙe, sai dai haƙuri. Hafizu ya tashi ba sallamar kirki. Ranar kasuwar Illela ce, a hanyar dawowa ya tsaya can a teburin wani mai shayi, kuma a nan, cikin zafin rai, ya ce idon Baba Mumuni ya tafi, ya ɗora masa hannu a karkace. Sau ɗaya ya faɗa. Bayan kwana biyar maganar ta iso Konni a bakin fasinja, ta yi ƙiba a hanya, wai tsohon ya nakasa mutum uku bana.

Akwai wani maɗori a Malbaza da bai ga hannun ba, ta waya kawai ya ji bayani, ya ce a zo yau bayan la'asar ya karya ya sake ɗorawa. Motar Malbaza tana lodi a tasha. Hafizu ya shigo ne ya gwada na ƙarshe, ko Allah zai sa ya fasa. A gaskiya tsoro yake ji, don bai manta ƙarar da ƙashin ya yi a karon farko ba.

Labulen ƙofa ya ɗaga, yayarsa Badi'a ta shigo. Tela ce, shagonta na bakin kasuwa, ga metir ɗin awo rataye a wuyanta, zare ya manne a hijabinta. Ba ta taɓa taka siber ba, a wurinta gidan ɓata lokaci ne. Alhasan ya miƙe daga kujerarsa ya gaishe ta da ladabin mai laifi.

"Inna ta ce ka ɗauki jikka," in ji ta. "Da gaske tahiya za ka yi su karya ka?"

"Yaya, ki bari. Na riga na yanke."

"Na ce ka tai likita su yi maka radiyo su ga ƙashin, ka ƙiya."

"Mi hoto za ya gwada mini wanda ban gani ba? Ga shi nan, kullum ina gani da idona."

Ta duba hannun. Ta ga yana riƙe kofin shayi da shi, ya tuƙo babur da shi yau da safe. Ta ja kujerar kwamfuta ta huɗu ta zauna.

"To gwada mini karkatar, in gani ni ma."

Ya yi tsaki a ransa, amma Badi'a ce ta goya shi, ba a yi mata musu a gaban mutane. Ya nuna mata. Ya ce da can daga nan zuwa ƙonon sigarin nan yana juya baya daidai, yanzu wani lokaci ya kasa kaiwa, wani lokaci ya wuce. Ta kalli allon, ta kalli hannun, ta sa ya maimaita har sau huɗu. Mutanen da ke gudu da bindigogi ba su dame ta ba, hannun kawai take bi da ido.

"Ni dai abin da ni gani," ta ce, "hannunka wuri guda shika tsayawa. Dut huɗun bisa ƙonon ga ya tsaya."

"Amma ciki ba wuri guda ba."

"To ai shi na ce. Hafizu, in riga ta hito mini a karkace, ba ni hwara zargin hannuna. Sai na auna yadin, na auna metir ɗin kanshi. Akwai metir da na yi wata ukku ina ɓata wa mutane kaya da shi, ashe ya miƙe don tsuhwa. Hitar da mu cikin yaƙin ga, ka kai mu inda kibiyar take ita ɗai."

Ya rufe wasan. Ta laluba aljihu ta fito da guntun allin tela, shuɗi, ta ɗage shimfiɗar, ta ja layi biyu a kan teburin Alhasan, tsakaninsu santi biyar, ta auna da metir. Alhasan ya buɗe baki zai yi magana a kan teburinsa, ya fasa. Ta sa Hafizu ya kai kibiyar ƙarshen allo ta hagu, ya ajiye linzamin a layin farko.

"Ja shi zuwa layi na biyu, sannu, awa mai zare ƙaya."

Ya ja. Kibiyar ta tsaya kafin tsakiyar allo. Badi'a ta ɗiga alli a bakin robar allon, daidai ƙarƙashinta.

"Maida. Yanzu da sauri."

Ya fizga, ya tsaya cak a layi na biyu. Kibiyar ta tsallake ɗigon, ta kusa cin ƙarshen allo ta dama.

"Kin gani?" ya ce da ɗaci. "Abin da nike hwaɗi ke nan."

"Ban gani ba tukuna. Tashi."

Ta zauna a kujerarsa, ta kama linzamin a ɗarare kamar wanda aka ba ta ɗan tsako. Ta ja a hankali, kibiyar ta tsaya a kan ɗigon. Ta mayar, ta fizga, kibiyar ta tafi can inda tasa ta je. Ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya a gaban fuskarsa.

"Wanga hannu bai taɓa karewa ba. Ko shi ma mu kai shi Malbaza?"

Hafizu ya karɓi linzamin. Ya gwada da hagu, haka. Alhasan ya zo ya gwada, haka. Tafiya ɗaya a kan tebur, tafiya biyu a kan allo, gwargwadon saurin mai ja. Hafizu ya juyo wajen mai shagon.

"Alhasan, mi kunka yi ma injin ga da ba ni nan?"

Alhasan ya sosa ƙeya. Ya ce ai ba wani abu ba ne, ƙwayar cuta ce ta shiga injunan, ya kira wani ya wanke su duka ya sake zuba komai sabo, har wasan. Ya ce bai ga abin faɗa a ciki ba, tunda da linzami da tebur da kujera duk nasa ne na da.

Suka shiga neman inda abin yake. Alhasan ya kira mutumin da ya yi wankin, ya sa wayar a kunne yana maimaita abin da ake gaya masa, Hafizu yana dannawa. A cikin saitin linzami, ƙarƙashin wurin gudun kibiya da Hafizu ya yi ta ja gaba da baya kwana da kwanaki, akwai wani ɗan akwati mai alama a ciki. An rubuta da Faransanci cewa yana ƙara wa kibiya daidaito. Sau nawa idonsa ya bi ta kansa, bai taɓa shi ba, don wa zai kashe abin da aka ce gyara ne? Mutumin ya ce da shi injin ke zuwa a kunne, mai shagon na farko ne ya kashe shi tun kafin Alhasan ya saya. Hafizu ya cire alamar. Suka koma layukan Badi'a, a hankali da sauri, kibiyar ta tsaya wuri ɗaya.

Ya buɗe wasan, ya fizga, ya zarce.

Ya ji tsohon zargin ya taso da ƙarfinsa, har ya kai hannun hagu ya dafe wuyan na dama. Badi'a ba ta ko motsa ba.

"Wasan ba shi da nashi metir?" ta ce.

Yana da shi. A can cikin saitin wasan akwai wani makamancinsa, shi ma ya dawo a kunne da aka sake zubawa. Ya kashe shi, ya mayar da shimfiɗa, ya ajiye linzamin a gefe, ya rufe ido, ya fizga zuwa ƙonon sigari. Da ya buɗe, yana kallon ƙofar da ya ba wa baya, cif.

Ya yi zagaye ɗaya. Hannun ya ɗan yi nauyi, kwana arba'in ba wasa ba ne, amma inda ya aike shi nan yake zuwa. Alhasan ya yi ta murna yana cewa sarki ya dawo. Hafizu bai yi dariya ba. Ya koma wurin ɗan akwatin, ya mayar da alamar, ya sake cirewa, yana kallon yadda take ɓacewa ba ta bar ko tabo ba.

"Shi ke nan?" ya tambaya. "In ka cire, komi ya koma yadda yake?"

"Awa ba a taɓa ba," in ji Alhasan.

Daga tasha ana jiyo kiran Malbaza, saura mutum ɗaya. Badi'a ta goge layukanta da gefen hijabi, ta mayar da allin aljihu. Ta ce jiya wata mai kawo mata ɗinki daga wajen Tajaye ta ba ta labari, wani makiyayi ya ɗauko ɗansa da karayar ƙafa, ya zo har ƙofar Baba Mumuni, aka gaya masa abin da ake faɗa, ya juya da amalankensa. Tsohon yana zaune a zaure yana kallo.

Hafizu ya daɗe yana duban hannunsa. Ya tuna yatsun tsohon a kansa, busassu, masu sanyi, da yadda ya riƙa yi masa hirar mahaifinsu don ya ɗauke masa hankali lokacin da zai ja ƙashin.

Ya ɗauki jakarsa. A bakin tasha ya sayi jan zakara, mafi girma a kejin, bai tsaya ciniki ba. Badi'a na biye da shi.

"Zakara na godiya ne," ta ce. "Maganar kuwa ba Tajaye ka aje ta ba."

"Na sani, Yaya. Yau kasuwar Illela. Wurin mai shayin zan hwara sauka."

Ya wuce motar Malbaza ya nufi ta Illela. Direban ya miƙo hannu zai karɓi zakaran ya ɗaure a sama tare da kaya. Hafizu ya janye shi, ya gyara riƙon ƙafafun a hannun dama.

"Bar shi," ya ce. "Da wanga hannu zan kai shi."