Rumbun Marayu a Shekarar Kasafi

Shekara tara ke nan ina kula da rumbun ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu a Gwiwa. Duk kaka kowane manomi yakan kawo damin gero, mu kuma mu auna wa gidajen marayu idan damina ta yi nisa, abinci ya yi wuya.

Bara, ana tsakar girbi, aka karanta kasafin kuɗi a rediyo, aka ce an ware wa ƙungiyoyi irin tamu miliyoyi. Ni da bakina, don rawar kai, na miƙe bayan sallar Juma'a na sanar. Har kabbara aka yi.

Dami bakwai muka samu, mu da muke tara fiye da ɗari. Muhammadu Lawal, mai kawo uku duk shekara, ya ce mini, "Malam Musaddiƙ, ai gwamnati ta sauke mana nauyi."

Sau biyar ina hawa motar haya zuwa ofishin da ke rabon. Amsar ɗaya ce: "An sa hannu, ba a saki ba tukuna." Sai ka ce akuya ce a turke!

Jiya Inno, tsohuwar da ke riƙon jikoki huɗu, ta zo da ƙwaryarta. Na buɗe mata rumbun don ta gane wa idonta. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta miƙo mini ƙwaryar.

"To, ɗan nan, auna mini daga wanda ka faɗa a masallaci. Yaran ma sun ji, tun kaka suke jira."