Layin Yana Wajen Baba

Ni na kawo tsarin nan makarantarmu ta Bagudo, shi ya sa har yau na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma abin yana cina. Kwamfutocin makarantar sun daɗe da mutuwa, ɓeraye sun gama da wayoyinsu. Sai na ce kowane ɗalibi ya riƙa zuwa da wayar gidansu ranar Laraba mu yi karatu da ita. Na tara iyaye a gindin dogonyaro na yi ta zuba kamar rediyo. Da yake lokacin 'yan damfara sun addabi mutane, har gargaɗi na ƙara musu.

"Duk wanda ya kira ku ya ce ku karanto masa lambar da ta shigo wayarku, ɓarawo ne. Ko da ya ce shi ne Malam Badamasi, ni ɗin nan, kada ku saurare shi. Ku kashe wayar kawai!"

Arzika masunci yana sahun gaba, sai gyaɗa kai yake yi.

'Yarsa Kausar ita ce ta ɗaya a ajina, yarinya mai kai kamar me. Wata gidauniya ta shirya jarrabawa ta waya, wadda ta ci za a ɗauki nauyin karatunta na jinya. Sau ɗaya ake yi, 'yan ajin ƙarshe kaɗai, kuma da goma da rabi ake rufe shiga. Kausar ta yi rajista da lambar babanta, don wayarsa ce kaɗai babba a gidan. A Benin ya sayo ta, komai na ciki Faransanci ne, amma yarinyar nan ta laƙance ta tsaf.

Ranar jarrabawar, Kausar ta iso tun da sassafe, wayar a naɗe cikin leda biyu yadda masunta ke yi. Na kunna musu intanet daga tawa wayar, yara takwas suka jona. Ƙarfe goma aka buɗe. Shafin ya ce an turo wa kowa lambar shiga ta saƙo. Bakwai suka samu, suka duƙufa. Kausar tana zaune tana kallon tata.

"Malam, ba ta shigo ba."

Na karɓa na duba. Inna lillahi! Babu layi a ciki.

"Ke, ina layin?"

"Yana wajen Baba. Ya cire ya sa a ƙaramar wayarshi. Yau zai ƙetara Benin da bandar kifi ta garin Illo, masu saye na kiran shi."

Ai kuwa haka ake yi a nan. In za ka ba da aron waya sai ka zare layinka, kowa ya sani. Ni ma na sani! Amma na tsaya ina koya musu danna wannan, danna wancan, ban taɓa cewa a bar layi a ciki ba.

Tawa wayar ba ta taɓuwa, in na yi kira intanet ɗin yara bakwai ya yanke. Na ruga ofis na fizgo ta Malama Sakinatu. Sai a kira na huɗu ta shiga, ina jin ƙarar injin jirgin ruwa.

"Salamu alaikum, Malam Arzika! Wata lamba ta shigo wayarka yanzu, don Allah karanto mini."

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Malam Badamasi."

Wallahi dariya ya yi. "Awo, da gaske? Ai haka Malam ya ce za ku ce. Ka ji tsoron Allah, ɗan nan."

"Tsaya, ga Kausar, ga ɗiyarka!"

Kafin in miƙa mata, ya katse. Na sake kira, a kashe. Na kira har yatsana ya gaji, a kashe. Na nemi lambar ƙanensa Sambo, aka ce shi ma yana cikin jirgin, layinsa ya faɗa sabis ɗin Benin ba ya shiga. Haushi ya sa na tsaya a tsakar makaranta ina faɗa da waya, yara na leƙe ta taga.

Goma da rabi ta yi. Kausar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta mayar da wayar cikin ledar, ta ƙulle bakin, ta zauna har sauran suka gama.

Washegari da hantsi sai ga Arzika a ƙofar ajina, da ƙullin kifi a hannu, fuskar nan cike da fara'a. Kausar tana bayansa, kanta a ƙasa. Ashe ba ta iya gaya masa ba.

"Malam, Allah shi saka maka! Jiya ɓarayin nan sun kira ni, har da sunanka suka ara. Na yi yadda ka ce, ban kunna ta ba sai da na dawo gida." Ya miƙo mini kifin. "To, yaya jarrabawar ɗiyar tawa? Ta ce sai dai in ji daga bakinka."