Inda Aka Haifi Hadi

Inna Bara'atu tana sheƙar riɗi a tsakar gidanta da ke Sara maganar ta iske ta. Matar maƙwabci ce ta shigo da waya a hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Inna, kin ji abin da ake yawo da shi a kan Malam Hadi kuwa?"

Ba ta jira amsa ba ta danna wayar, muryar Jafaru ta cika gidan. Jafaru shi ne mai neman shugabancin ƙungiyar manoman riɗi ta Gwaram, kujerar da Hadi, ɗan Inna na fari, yake kai kuma yake neman komawa. Yana cewa dokar ƙungiya ta hana wanda ba a ƙasar Gwaram aka haife shi ba ya shugabance ta, Hadi kuwa haihuwar Birnin Kudu ne. Bayan wannan ma, shekarun da ya ɓace a kudu, wa ya san abin da ya aikata? "Ni dai na ji an ce gidan yari ne ya riƙe shi. In ƙarya ne, ya fito ya faɗa."

Inna ta ajiye ƙwaryar a hankali. Zancen haihuwa bai taɓa ta ba, don ita ta yi naƙudar ba Jafaru ba. Zance na biyun ne ya dame ta, saboda ita kanta ba ta da amsarsa.

Hadi yana saurayi ya tafi ci-rani. Da fari saƙo na zuwa, daga baya ya ɗauke ɗif. Mahaifinsa ya rasu bai sake sa shi a ido ba. Ranar da ya dawo, ya dawo a rame, furfura ta fara keto masa a gemu, jaka ɗaya ce a kafaɗarsa. Inna ba ta tambaye shi komai ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta zaunar da shi ta tone masa ciki. Fura ta dama masa, ta koma ɗaki ta yi kukanta. Daga nan ya kama gonar ubansa, ya yi aure, mutane suka ga mutum ne mai natsuwa wanda ba ya cin amanar kowa, har suka ɗora shi a kan ƙungiya.

Da la'asar ya shigo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum.

"Gobe ka kai ni Birnin Kudu," ta ce, ba ta dube shi ba. "Wajen Sista Sylvia."

"Inna, ki bar maganar nan. Kujera ce fa kawai. In sun karɓe, gonata tana nan."

"Na ce maka don kujera ne? Ka dai zo da babur ɗinka da hantsi."

Sista Sylvia tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Filato, wadda aiki ya kawo Birnin Kudu tana budurwa, ta yi aure a nan, ta binne mijinta a nan, ta ƙi komawa ko da 'ya'yanta suka matsa. Sun same ta a gindin bishiyar gwanda tana watsa wa kaji tsaba. Da ta gane Inna sai ta saki kwanon, ta taho tana ɗingishi, suka riƙe juna suna dariya, kowacce tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa.

Sista ta dubi Hadi daga sama har ƙasa. "Wannan ne ɗan kan hanyar? Kai, da tafin hannuna ɗaya na ɗaga ka."

Hadi ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da suka zauna Inna ta faɗa mata abin da ya kawo su, Sista kuwa ta shiga ba da labarin kamar jiya aka yi. Naƙuda ta yi wa Bara'atu tsanani, aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibiti. Ita kuma tana dawowa daga allurar rigakafi a ƙauyuka, direbansu ya tsaya don ya ga mata sun kewaye amalanke da zannuwa. Ba almakashi a jakarta, da sabuwar reza ta yanke cibiya. Ba zanen goyo, ɗankwalinta ta kwance ta naɗe shi. Tunda an sauka lafiya, sai aka juya shanu aka koma Sara.

"A gindin kuka ne," in ji Inna, "ba mu kai gada ba."

"A'a, Bara'atu. Kin wuce gadar. Na tuna, don a ƙarƙashinta na sauka na wanke hannu, kuma sai da na koma baya kafin na iske ta. Ke a lokacin ina kika san gabas da yamma?"

Wuce gada kuwa na nufin a ƙasar Birnin Kudu aka yi haihuwar.

Sista ta dafa gwiwarta. "Zan zo taron in suna so. Amma abin da na gani zan faɗa, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

"Da ƙarya nake nema ai da ban sha wannan rana ba," in ji Inna.

A hanyar komawa ta taɓa kafaɗar Hadi ya tsaya. Kukar babu ita, an sare ta tuntuni, wurin ya zama gona, an jingina dammunan riɗi suna shan rana. Ta sauka da ƙyar ta zauna a kan wani dutse. Motoci na wucewa jefi-jefi. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Nan ko can, ni na san na haife ka. Abin da ban sani ba shi ne inda ka shiga. Ban taɓa tambayarka ba. Yau ina tambaya."

Hadi ya tsuguna a gabanta, ya ɗauki wani tsinke yana karyawa.

"Ba gidan yari ba ne, Inna. Da shi ne da ya fi mini sauƙin faɗa." Ya jefar da tsinken. "Kaina ne ya taɓu. Ina dako a kasuwa abin ya fara. Barci ya ƙaurace mini, na riƙa jin ana kirana alhali ba kowa. Na yi yawo a titi ba takalmi, yara na jifana. Wani mai sayar da shayi, mutumin Azare, shi ya kama hannuna ya kai ni asibitin masu irin ciwon. Na daɗe a can. Da na fita na ji kunyar dawowa. Har yau ina shan ƙwaya kullum da safe. Ummussalma ta sani tun kafin a ɗaura mana aure, ita kaɗai."

Abin da ya zo wa Inna a rai ba zancen mutane ba ne, ƙafafunsa ne. Ta dubi ƙafafun, manya, masu kaushi, cikin takalmin roba. Ta tuna yadda take shafa masu man shanu yana jariri.

"Ba takalmi," ta ce. "Da rana tsaka?"

"Ya wuce, Inna."

"Wa yake ba ka abinci?"

"Mutane. Allah bai bar ni da yunwa ba."

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye shi. Ta miƙa hannu ta cire masa hula, ta ɗora tafinta a kansa, ta bar shi a nan. Hadi, mutum mai 'ya'ya har da na aure, ya kifa fuska a gwiwarta, yana kuka.

An yi taron ranar Asabar a harabar wata makarantar firamare a Gwaram. Inna da Sista suka zauna a tabarma ɗaya daga gefe. Da aka kira Sista ta faɗi nata tiryan-tiryan, har da gada, har da ɗankwalin da ta ce ba a mayar mata ba har yau. Wuri ya ɗauki dariya. Dattawan ƙungiya suka haɗa kai, babbansu ya miƙe ya ce yaron da aka yi cikinsa a Sara, aka binne cibiyarsa a Sara, aka yanka ragon sunansa a Sara, ba amalanke ce za ta mayar da shi baƙo ba. Aka rufe wannan babi.

Inna ta zaci shi ke nan. Sai ta ga Hadi ya miƙe.

"Saura tambaya ta biyu," ya ce. "Malam Jafaru ya ce in fito in faɗa, kuma yana da gaskiya. Wanda zai riƙe amanarku, ya kamata ku san shi."

Ya faɗa masu duka, da muryar da yake karanta farashin taki. Bai ɓoye titi ba, bai ɓoye ƙwaya ba. Jafaru ya kafa ido a ƙasa, yana murza carbi. Sista ta lalubo hannun Inna ta matse.

Da aka kaɗa ƙuri'a Jafaru ne ya ci, da ɗan rinjaye. Akwai waɗanda suka yi ta rantsuwa a kasuwa cewa Hadi bai taɓa shiga gidan yari ba, amma wannan ta fi ƙarfinsu. Hadi ya je ya ba Jafaru hannu. Jafaru ya riƙe hannun ya ƙi saki, bakinsa na motsi, daga ƙarshe ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam." Hadi ya ce ai ba wanda ya sani.

Inna ta yi kwanaki tana jin zafin abin. In ta fita unguwa sai ta ga ana sassauta murya. Hadi kuwa ta lura har ƙiba ya fara yi, dariyarsa tana tsallako katanga.

Wata safiya wata mata ta yi sallama, ta ce sunanta Zahara'u, daga Zandam take. Ta sha ruwa, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta yi ta juya bakin mayafinta. Can ta ce mijinta yana wurin taron nan, ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Suna da ɗiya budurwa mai irin ciwon, shekara ta zagayo tana kulle a ɗaki da mari a ƙafa, an yi rubutu an yi hayaƙi, sun ce wa dangi ta tafi Kano wajen gwaggonta.

"Shi ne na ce ko Malam zai faɗa mana inda ake samun maganin. Mijina kunya ta hana shi zuwa."

Inna ta aika aka kira Hadi daga gona. Ya zo da laka a ƙafa, ya zauna nesa kaɗan, ya yi wa matar tambayoyi a hankali: tana barci, tana cin abinci, tana gane mutane? Sannan ya ce su shirya jibi, shi zai raka su da kansa, don ranar farko layi da tambayoyin likita kan rikita mutum.

"A kwance mata ƙafa tun yau," ya ce. "Ki zauna kusa da ita ko ba ta yi magana ba. Tana ji."

Matar ta tafi tana share ido. Inna ta tashi ta jiƙa tsaki, don tafiyar asibiti ba a yin ta da ciki wayam, kuma dambu ba ya saurin lalacewa a hanya.