Ƙulli Uku Fitilar Birki

...kuma don Allah, duk wanda ya tsinci takardar nan, kar ya faɗi sunana. Ko ka gane ni ce, yi kamar ba ka gane ba. Ineng kawai manya suke ce min, yarinya, to a bar shi haka. Rubutuna ma ba kyau, aji uku na tsaya. Ba don kaina nake roƙo ba, don Tatay ne, babana.

An wuce. Jif ɗin ta wuce gwajin mai duba mota. Ta wuce, an buga mata hatimi, ga ta can gindin mangwaro tana sheƙi. Numfashi nake ta ja kamar na yi gudu daga kasuwa.

Duk garin Imus wa bai san Tatay, Mang Doroy, ba? Shekara talatin yana haɗa jif da hannu, injin daga nan, ƙafa daga can, jiki shi yake lanƙwasa ƙarfensa. Amma yanar ido ta kama shi tun bara. Ja da baƙi duk ɗaya ne a wurinsa yanzu. Idan mutane suka ji? Wa zai kawo wa makaho aikin mota? Shagon Mang Berting na nan tsallaken titi baki buɗe yana jira.

Ranar da hayaƙi ya tashi a ƙarƙashin dashbod... warin roba... ya ce batir ne mara kyau. Ba batir ba ne. Na gani. Jar waya ya haɗa da baƙa.

Shi ya sa. Kullum in ya ci shinkafa da busasshen kifi ya kwanta barcin rana a kan benci, hula a fuska, sai in lallaɓa ƙarƙashin sitiyari. In kwance wayoyin, in sake haɗawa. Tun ina ƙarama nake miƙa masa filaya, ai ido yana koyo. 'Yan takardun da ake liƙa wa waya ba na iya karanta su da sauri, sai na ɗauko zaren saƙa na marigayiya Nanay, mamata, na ɗaura wa kowace waya. Ƙulli ɗaya fitilar gaba. Biyu oda. Uku fitilar birki. Ruwan hoda ne zaren... wa yake sa zare ruwan hoda a mota?

Satin da ya wuce mai duba mota ya koro mu. Ƙaton mutum, biro a kunne. Ya zura hannu ƙarƙashin dashbod, ya fito da yatsa yana jini.

“Mang Doroy, mota ka haɗa ko wuƙar yanka kifi? Rufe wurin nan, waya duk a waje kamar hanjin kaza.”

Aling Meding mai jif ɗin, wadda take sayar da kifi, ta kama ƙugu. “Jikana ne zai zauna a gaba fa, Doroy! Gwiwarsa nan za ta riƙa bugawa!”

Tatay ya yi dariya. Wuyansa ne bai yi dariya ba, na ga jijiyar.

Murfin ƙarfen da Tatay ya yanka ya karkace. Huda huɗu, ba wadda ta faɗa kan ramin kusa. Kwana uku ina gogar bakinsa da magagari a hankali, a hankali, kar ƙara ta tashe shi. Na tsaga tsohon tiyon ruwa na sa wa bakin duk zagaye, ya yi laushi, har kumatuna na goga in ji. Na ɗaure. Zaren Nanay ya ɓuya a ciki. Na ce shi ke nan, ba mai gani har abada.

Yau da safe kuma mutumin ya shafa, ya shafa, ya kaɗa kai. Sannan ya ce a buɗe.

A buɗe! Me ya sa? Ba kai ka ce a rufe ba? Na riƙe ƙarfen rumfa...

“Kai, kai! Mang Doroy, saƙa ka koma yi da tsufa? Ka yi min hular sanyi mana!”

Aling Meding har da riƙe ciki. “Ni ma siket nake so, Doroy!”

“Wa ya yi wannan?” in ji mutumin.

Ƙasa nake kallo. Tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa. Ina ma ni ce.

“Aikin shagonmu ne,” in ji Tatay.

“To nuna min wayar fitilar birki.”

Na rufe fuska da hannu, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Na ce mun mutu. Kafin in ankara, waya tana hannun Tatay, mutumin ya taka birki, ja ta kama a baya. Hatimi, ƙwas! Aling Meding ta rataya carbinta a madubi, gobe za ta kai wa fadan coci motar ya yayyafa mata ruwa, ta saya mana halo-halo, ƙanƙara da madara, ƙanƙarar har ta sa min ciwon kai. Daɗi. Ban taɓa jin daɗin ciwon kai ba sai yau.

Ba wanda ya sani. Ba wanda ya...

Tsaya.

Ta yaya ya samo wayar? Bai leƙa ba. Fuskarsa sama take kallo, kwanon rumfa. Yatsunsa ne suka shiga, suna bin zaren... babban yatsa yana tsayawa... ɗaya, biyu, uku. Leɓensa ma ya motsa.

Wa ya faɗa masa uku ne birki?

Kuma shagonmu ya ce. Tatay da kullum yake bugun ƙirji, ni na yi, da hannuna. Shagonmu...

Filayar da nake samu kullum a kan kujerar direba, daidai inda hannuna zai kai. Barcin ranar nan da ya ƙara tsawo tun bara. Mutumin da minsharinsa yake tashin kaji, amma a kan bencin nan ko sau ɗaya ban ji...

Wayyo, Tatay. Tun yaushe?

To yanzu in yi yaya? In ci gaba da lallaɓawa, shi ya ci gaba da rufe fuska da hula? Na gaji, so nake in yi kuka kuma ba baƙin ciki ba ne...

Silifas. Jan ƙafar hagu, shi ne. Yana shafa bango yana tahowa, wani abu yana ƙara a hannunsa, kamar filaya biyu. Ba Ineng yake cewa ba, sunana yake ki...